Idan Feshi Ya Ɓaci: Jagora Ga Masu Fentin Kayan Katako

Kafinta zai shafe mako biyu yana yanka yana haɗawa, ya fitar da kusurwa daidai, ya sa gam inda ya kamata, amma ba wannan mai saye yake fara dubawa ba. Uwar amarya idan ta zo ganin gado, tafin hannunta take shafawa a allon kan gadon, sannan ta ɗan karkata ta ga yadda haske ya kwanta a jikinsa. In ta ji kaushi, ko ta hango inda fenti ya zubo ya daskare, magana ta ƙare: ko a rage kuɗi, ko ta wuce shago na gaba. Aikin mai feshi bai fi na kwana ɗaya ko biyu ba, amma shi ne yake ɗaga darajar aikin kafinta ko ya zubar da ita.

Da zarar feshi ya ɓaci, abu biyu ake ɗora wa laifi a yawancin rumfunanmu. Ko a ce fentin jabu ne, ko a ce bindigar ta mutu. Jabun fenti kam akwai shi a kasuwa. Sai dai sau da yawa gwangwanin ba shi da laifin komai. Matsalar tana cikin iskar da kwamfuresa take turowa, ko kaurin haɗin, ko tafiyar hannu, ko yanayin gari a ranar. Kowanne daga cikinsu kuma da irin shaidar da yake bari a jikin katako. Wanda ya iya karanta shaidar, abu ɗaya zai taɓa aiki ya gyaru. Wanda bai iya ba sai ya ƙara tina, ya murɗa iska, ya canja nozul, duk a lokaci guda. Ko an yi sa'a aikin ya yi kyau, bai san abin da ya gyara shi ba, gobe ma zai sake faɗawa ciki.

Saboda haka kafin bakin bindiga ya kalli kayan mutane, samu faffaɗan kwali ka jingina da bango. Riƙe bindigar tana fuskantar kwalin sosai, tazarar kamar taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20, ka ja kunamar har ƙarshe na daƙiƙa ɗaya, ka saki. Abin da ake so ka gani shi ne dogon tabo a tsaye, a jiƙe daidai tun daga sama har ƙasa, ya ɗan tsuke a kawunansa biyu, gefensa yana dusashewa a hankali. Duk abin da ya saɓa wa wannan, bindigar ce take faɗa maka damuwarta.

Idan tabon ya tanƙware gefe guda, dubi hular da ke gaban bindigar. Tana da ƙaho biyu, kowanne da 'yan ramuka, kuma iskar da take fita daga cikinsu ita ce take matse feshin daga gefe da gefe ya baje. In ramin ƙaho ɗaya ya toshe, ɗayan zai rinjaye shi. Ga yadda za ka tabbatar: sassauta zoben, ka juya hular rabin zagaye, ƙahon dama ya koma hagu, ka sake fesawa. Idan tanƙwarar ta juya ɗaya gefen, hular ce. Idan ta zauna inda take, busasshen fenti ne a bakin nozul, ko bakin ya sami rauni. Jiƙa hular a tina, ka goge da ɗan buroshi, ka sakace ramukan da tsinken sakace na icce. Kada ka sa allura ko waya. Ƙarfen hular mai laushi ne, ramin da waya ta buɗa ba ya komawa, daga nan kuma sai sayen sabuwa.

Tabon da ya taru a tsakiya ya yi nauyi yana nufin iska ta yi kaɗan ko haɗin ya yi kauri. Wanda ya tsuke a tsakiya ya kumbura sama da ƙasa, iska ce ta yi yawa ko haɗin ya tsinke. Bindigar da take tofi kuwa, ta fesa ta yanke ta fesa, iska ce take shiga hanyar fenti. Duba ko nozul ya kwance, ko fentin kofi ya kusa ƙarewa, ko ɗan ramin numfashi da ke murfin kofin ya toshe. Wannan ɗan ramin ya sa mutane da dama sun jefar da lafiyayyar bindiga. Sannan a lura da girman nozul, yana nan a rubuce a jikinsa: 1.3 ko 1.4 na banish ne da fenti mai ruwa-ruwa, 1.7 ko 1.8 na sila da firama. Wanda ya ce da nozul ɗaya zai yi komai, zai yi ta tsinka firama da tina har ta daina rufe komai.

Bindigar feshi ta samo asali daga ɗakin likita. Wani likita a garin Toledo na jihar Ohio a Amurka, Allen DeVilbiss, shi ya ƙera ɗan abin fesa magani a maƙogwaron marasa lafiya a 1888, ɗansa Thomas kuma ya mayar da dabarar ta fenti a 1907. Har yau aikin bai canja ba: iska ce take farfasa ruwa ya zama ƙananan ɗigo. In iskar ba ta isa ba, ɗigon zai fito manya, kuma babu gwanintar hannun da za ta gyara wannan.

A nan ne ƙananan kwamfuresa suke cin amanar masu feshi. Bindigogin da aka rubuta wa HVLP an yi su ne su yi aiki da iska mai yawa amma marar ƙarfi. Sukan so kamar bar 2 a gindin bindiga, abin da yake isa hula kuma ba ya wuce bar 0.7. Amfaninsu shi ne yawancin fentin a jikin katako yake sauka, ba ya tashi a banza. Amma suna shan iska, da yawansu lita 300 ko fiye a minti ɗaya, ƙaramar kwamfuresa mai tankin lita 25 ko 50 kuwa ba ta iya ciyar da su. Za ka fara ƙofar wadrob lafiya, kafin ka kai ƙasanta iska ta faɗi, rabin sama santsi, rabin ƙasa gurje-gurje. Gejin da ke jikin tanki ba zai gaya maka gaskiya ba. Ɗaura ƙaramin geji a gindin bindigar, ka karanta shi lokacin da kunama take a ja. In ka ga allurar tana sauka kana cikin aiki, ko dai ka riƙa dakatawa tanki ya cika, ko ka nemi bindiga mai shan iska kaɗan irin wadda ake rubuta wa LVLP. Dogon tiyo siriri shi ma yana cinye ƙarfin iska a hanya, mai faɗin ciki milimita 8 ko 10 ya fi mai 6.

Sai ruwa. Tsuguna ka kwance ɗan famfon da ke ƙarƙashin tankin, ka tara farin kwali. Idan an kwana biyu ba a buɗe ba, wani jan ruwa mai tsatsa ne zai tsarto, da maiƙo yana yawo a kansa. Duk kwamfuresa tana tara shi, domin iskar da aka matse tana sakin danshinta idan ta huce. Wannan ruwan shi yake bin tiyo ya fito a kan teburin da ka sha wahalar gogewa, ya bar ƙuraje da fararen ɗigo. A zubar da shi kullum bayan an tashi aiki, da damina ma har da tsakar rana. A sa matatar ruwa a layin, nesa da kwamfuresar inda iska ta riga ta huce, a kuma ƙara 'yar ƙarama a gindin bindiga. Tiyon da aka taɓa aiki da shi a garejin makanikai, mai ya bi ta cikinsa, kada ya kusanci feshi.

Haɗin fenti yawancinmu da ido muke yi: a tsoma tsinke a ɗaga, a ga yadda yake zuba. Gwani yakan dace, amma idon safe daban da na rana. Akwai ɗan kofin awo da ake kira DIN 4, yana cin mililita 100, da rami mai faɗin milimita 4 a gindinsa. Ka cika shi, ka saki ramin, ka duba agogon wayarka har zaren fentin ya tsinke. Yawancin banish na selulos, wanda ake rubuta NC a gwangwaninsa, yana fesuwa da kyau tsakanin daƙiƙa 18 zuwa 25, in kamfanin bai faɗi wani adadi ba. Ranar da aiki ya yi maka kyau, rubuta adadin a bango. Ka tace haɗin da matatar fenti kafin ya shiga kofi, ko da sabon gwangwani ne.

Maganar fetur kuwa, a bar ta. Na san tina ta yi tsada, na kuma san ana yi. Amma fetur ba ya narkar da selulos, yana iya sa haɗin ya guntse, yana kashe ƙyalli, ga maiƙon da yake bari. Tina mai arha wadda aka sake tacewa ita ma sau da yawa da ruwa a cikinta. In dole ne a yi tsimi, a yi wankin bindiga da mai arhar, a ajiye mai kyau domin shafin ƙarshe. Araha ba ta ado.

Aibi biyu da aka fi gani, ɓawon lemo da hawaye, kishiyoyin juna ne. Ɓawon lemo shi ne fuskar ta bushe da ƙananan tudu da kwari, saboda ɗigon ya sauka bai sami damar narkewa cikin ɗan'uwansa ya kwanta ba. Ko haɗin ya yi kauri, ko iska ta gaza, ko hannu ya yi nisa, ko tinar ta yi saurin tashi. Hawaye kuma fenti ne ya yi yawa a wuri ɗaya: hannu ya matso, ko ya yi nawa, ko haɗin ya tsinke. Mai gudun hawaye yakan ja baya ya faɗa ɓawon lemo, mai gudun ɓawon lemo ya matso ya yi hawaye. Tsakaninsu ake nema, kuma haske ne yake nuna shi. Tsaya inda za ka riƙa ganin ƙyallin jiƙar yana bin bayan bindigarka. In ba ka ganin wannan ƙyallin, a makance kake feshi.

Hannu ya tafi a miƙe, kafaɗa da gwiwar hannu su yi tafiyar, ba wuyan hannu ba. Mai kaɗa bindiga daga wuyan hannu yana kusa a tsakiya, yana nesa a gefe, sai tsakiya ta yi hawaye gefe ya yi kaushi. Ja kunama kafin ka shiga katakon, ka sake ta bayan ka fita. Kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Fara da gefuna da lungu, sannan faffaɗar fuska. Duk abin da zai kwantu, ƙofa ce ko durowa ko allon gado, cire shi ka kwantar a kan benci. Abin da yake kwance da wuya ya yi hawaye.

In hawayen ya riga ya zubo, kada ka sa yatsa ko tsumma. Bar shi ya bushe sarai, ka kankare tudun da sabuwar reza a hankali, ka naɗe samfefa mai lamba 400 a ɗan katako mai lebur ka daidaita wurin, ka sake fesawa. Ɓawon lemo marar tsanani a shafin ƙarshe ana iya cin sa da samfefar ruwa, 1000 zuwa 1500 sannan 2000, a bi da man goge ƙyalli. Mai tsanani sai an goge da 320 an sake shafi.

Inda na fi so mai karatu ya tsaya shi ne yanayi, domin abin da aka rubuta a jikin gwangwani an auna shi ne a ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 25, mu kuwa a rumfar kwano muke aiki. Haɗi ɗaya ba zai kai ka shekara ba.

Da bazara, a watan Afrilu, zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana kai digiri 40, ƙarƙashin kwano ma ya fi haka. Tina tana tashi tun fentin yana cikin iska, sai ya sauka a bushe. Shafa hannu za ka ji gari-gari, musamman a cikin lungun kabad inda feshin yake dawowa. Maganinsa a yi aiki da sassafe, a ɗan matso da hannu, a rage iska kaɗan, a sa tina mai jinkirin bushewa ko a ɗiga ritada a haɗin. Kada kuma a shanya katako a rana a ɗauko shi da zafinsa a fesa, ko a fesa a fitar da shi rana wai ya yi saurin bushewa. Maɗaci da loko suna da buɗaɗɗun ƙofofi a jikinsu, iska tana ciki. Idan katakon yana ɗumama, iskar tana kumbura ta huda fentin da bai gama kamewa ba, ka wayi gari da ƙananan ramuka birjik. Irin wannan katako a fara cike ƙofofinsa da fila, a bi da sila siriri shafi biyu, a goge da 320 tsakaninsu. Loko kuma yana da maiƙo na halitta, a goge shi da tsumma mai tina daf da fara aiki. Bakin allon MDF inda aka yanka shi ma mashayi ne, in ba a rufe shi da sila ko firama an goge sau biyu ba, haka zai yi ta shanye fenti yana fitowa da kaushi.

Da damina sai wani ciwon. Ka fesa banish garau a ƙofar wadrob, kana tsaye kana kallo, cikin minti biyu wani farin hazo ya fara fitowa daga gefe yana cin tsakiya, jan katakon ya koma toka-toka. Ba jabu ba ne. Tina idan tana tashi da sauri tana sanyaya fuskar fentin, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa. A watan Agusta, da danshin iska yake haura kashi 70 cikin ɗari, wannan sanyin ya isa ya sa raɓa ta sauka a kan fentin, ta maƙale a ciki. Ritada kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na haɗin tana jinkirta bushewa har danshin ya samu ya fita. In hazon ya riga ya kama, kada ka yi saurin ɗaukar samfefa. Selulos yana sake narkewa, don haka fesa masa tina mai ritada sama-sama, sau da yawa a gabanka zai washe. Ranar da aka kwana ana ruwa, jira hantsi ya ɗaga sosai. In hadari ya haɗo, rufe kofi ka kama wani aikin.

Hunturu kuma ƙura ce, kowa ya sani. A kewaye wurin feshi da tamfol ko leda, a yayyafa ruwa a ƙasa, a hana shara da guga a kusa har fentin ya kame, mai feshin ma ya kakkaɓe rigarsa a waje. Sanyin safiya yana ƙara wa fenti kauri, haɗin da ya yi daidai jiya da rana yau da safe zai yi ɓawon lemo, sai a sake aunawa. Amma akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. Lokacin ne kowa yake shafe hannu da man shafawa saboda kaushi. Yaro ya shafa basilin, ya ɗauko maka allo, shatin yatsunsa ya zauna. Kana fesawa sai ka ga fentin yana gudu daga wasu wurare, yana buɗe ƙananan ramuka zagayayyu masu ɗan tudu a baki, abin da ake kira idon kifi. Maiƙo ne ko silikon. Man kwamfuresa yana kawo shi, hayaƙin janareta yana kawo shi, haka man fesawa na goge kujeru da ake sayarwa a kanti, wanda shi ya sa tsofaffin kayan da aka kawo sabuntawa suka fi yin sa. Ƙara fenti a kai ba ya rufe shi. Bari ya bushe, ka goge, ka wanke fuskar da abin cire maiƙo, kana juya tsumma mai tsabta, sannan ka fara da shafi biyu sirara ƙwarai kafin mai jiƙa.

Akwai kuma laifin da ba na mai feshi ba ne amma a kansa yake faɗawa. Katakon da ake saukewa a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano da sauran kasuwanninmu yawanci daga kurmi yake zuwa, wani da sauran ruwansa. In aka ƙera shi ɗanye aka fesa, hunturu na zuwa danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20, katakon ya tsuke, fenti ya tsage a kan kowace mahaɗa. Katakon kayan ɗaki bai kamata ruwan jikinsa ya wuce kashi 12 cikin ɗari ba. In ka ɗaga ka ji nauyi da sanyi, gaya wa kafintan tun kafin ka taɓa.

Tsohon kaya da aka kawo canjin launi, gwada shi tukuna. Jiƙa tsumma da tina ka ɗora a wani ɓoyayyen lungu na minti ɗaya. In tsohon fentin ya yamutse ya tattare, fentin mai ne, selulos zai tayar da shi gaba ɗaya, sai dai a kankare ko a ci gaba da irinsa.

Fenti mai hadina ya fi selulos ƙarfi da jure ruwa, amma ba ya yafe ganganci. Awon da aka rubuta, ko biyu da ɗaya ne ko huɗu da ɗaya, a auna shi da kofi mai lamba. In hadina ta yi kaɗan, fentin zai kwana uku yana kama yatsa, in ta yi yawa ya yi gautsi. Abin da aka haɗa yana da wa'adi, don haka haɗa wanda za ka ƙarar, ka wanke bindiga nan take, domin in ya daskare a ciki tina ba ta narkar da shi. Ka kuma ba kowane shafi minti 10 zuwa 15 ya sha iska kafin na gaba. Wanda ya labta shafi a kan shafi saboda gobe ake jere, saman zai rufe, tinar ƙasa ta nemi hanyar fita ta huda shi, ko a naɗe kayan a leda da kwali a isa gidan amarya a tarar shatin ledar ya zauna a jiki. Sauri ya haifi nawa ke nan. Gara a gaya wa masu kaya gaskiyar ranar da za su samu tun wurin karɓar kuɗin kafin alƙalami.

Saura lafiyar mai riƙe da bindigar, wadda ta fi kowane gado tsada. Hadina tana ɗauke da sinadarin isosayanet, wanda yake jawo asma, kuma wanda ƙirjinsa ya riga ya kamu, ko kaɗan ya shaƙa sai ta tashi. A Birtaniya, hukumar kula da lafiyar ma'aikata takunkumi mai jawo iska mai tsabta ta tiyo ta ce a sa wajen fesa irin wannan fenti. Mu a nan sai ka ga yaro ɗan shekara goma sha biyar ya ɗaura hankici a hanci, in an tashi a saya masa madarar gwangwani wai ta wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, fentin kuwa huhu ya shiga, ba sa haɗuwa. Hankici da takunkumin ƙyalle ba sa tare tururin tina. Mafi ƙarancin abin da za a yi shi ne takunkumin roba mai gwangwanayen gawayi biyu, wanda ya kama fuska ba ya zuƙo iska ta gefe, a ajiye shi a rufaffiyar leda bayan aiki, a canja gwangwanayen da zarar an fara jin wari. A yi feshi inda iska take wucewa, janareta da kaskon mai shayi da sigari su yi nesa, domin tururin tina da ƙurar selulos tartsatsi ɗaya suke jira.

Iyayen gidan sana'a, yaran nan amana ce iyayensu suka kawo muku. Kuɗin takunkumi mai kyau bai kai ribar gado ɗaya ba. Ku saya musu, ku tilasta su sa, ku ma ku sa su gani.